Cibiyar Jariri da Makon Farko: Tarihin Cutar Sarƙe-Haƙora a Tsakanin Talakawa

Idan ana lissafa abubuwan da ke halaka jarirai a ƙasashen talakawa, akan ambaci haihuwar bakwaini, da doguwar naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. A wannan takarda mun ware abu guda, wato cutar sarƙe-haƙora da ke shiga ta cibiya, domin tarihinta ya fi na sauran nuna ta wace ƙofa talauci ke isa ga jariri. Ko da yake jariri ba shi da haƙora, muƙamuƙinsa ne ke sarƙewa: ya kama nono lafiya kwana biyu ko uku, sai ya kasa tsotso, jiki ya sandare, yawanci kafin a cika mako biyu an rasa shi.

Misalin da muka zaɓa ba daga Afirka yake ba. Heimaey wani ƙaramin tsibiri ne a kudancin Aisland, wanda a da mazaunin masunta matalauta ne, inda a farkon ƙarni na 19 cutar take kashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na jariran da aka haifa. A wancan lokaci tsibirin ba shi da itace, ba shi da wadataccen ruwan daɗi. Da busassun gawarwakin tsuntsayen teku ake hura wuta, ruwan sama kuwa da aka tara shi ne na sha da na wanki. Likitocin lokacin sun ɗora laifin a kan abincin mutanen, musamman naman tsuntsayen nan, wato dai suna cewa al'adarsu ce ke kashe musu 'ya'ya.

A 1847 gwamnatin Danmak, wadda ke mulkin Aisland a lokacin, ta aika da wani matashin likita, Peter Anton Schleisner. Ya buɗe ɗan ɗakin haihuwa, ya yi aiki tare da ungozomar garin, Sólveig Pálsdóttir, wadda ta yi karatun aikinta a babban birnin Danmak. Ya tsananta tsabta, ya kuma riƙa shafa wa cibiyar kowane jariri man wani icce da ake kira kopaiba har ta faɗi. Nan da nan mutuwar ta faɗo ƙasa, ba ta kuwa sake komawa inda take da ba. Abin lura shi ne, Schleisner bai san ƙwayar cutar ba. Sai a 1884 Arthur Nicolaier ya gano ta a cikin ƙasa, Kitasato ya ware ta a 1889. Ashe ba sai an san sunan maƙiyi ake rufe masa ƙofa ba.

Tsibirin St Kilda na Sikotland bai yi wannan sa'a ba. Can ana kiranta ciwon kwana takwas, ta kuwa ci gaba da ɗibar jarirai har 1891, lokacin da limamin cocin tsibirin, Angus Fiddes, ya dage aka sauya yadda ake kula da cibiya. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan bayan maganin ya samu a maƙwabta, amma babu wanda ya kai musu labari. Wannan nisa daga mahukunta, a ganinmu, shi ma sanadin mutuwa ne, ko da yake ba a cika sa shi a jadawalin likitoci ba.

Ƙofa ta biyu an rufe ta ta wajen uwa. Gwajin da aka yi a karkarar Kolombiya, aka buga a 1966, ya tabbatar da cewa allurar rigakafi ga mace tana kare abin da za ta haifa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne cutar ta kashe a 1988. Bayan ƙudurin kawar da ita na 1989, adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000 a 2018.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan labari. Kwanakin da cutar ke bayyana su ne kwanakin shirin suna, kuma galibin haihuwar karkara a ɗaka ake yi, sai bayan jariri ya faɗo a kira ungozoma ta yanke cibi. Da me ta yanke, da wane zare ta ɗaure, da wane tsumma aka yi gashi, a nan maganar take. Mun saba jin ana zargin ungozoma da jahilci, kamar yadda aka zargi masuntan Heimaey da cin tsuntsu, alhali sabuwar reza da sabulu da ruwa mai tsabta ne ba a kai mata ba. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba maganin shafa cibiya na kulohekzidin gida-gida ta hannun matan unguwa, dabarar da ba ta da nisa da abin da Schleisner da ungozomarsa suka yi shekara 166 kafin nan.