Tseren gudu a kan titi: Wane nisa ya dace da sabon shiga?

Tseren gudu a kan titi yana da matakai huɗu da aka fi sani a duniya: kilomita 5, kilomita 10, rabin gudun fanfalaki mai kilomita 21.1, sai cikakken gudun fanfalaki mai kilomita 42.195. Wanda bai taɓa shiga tsere ba zai yi zaɓinsa ne bisa lokacin da zai iya warewa don atisaye da kuma halin da lafiyarsa take ciki. Dalili kuwa shi ne, zuciya da huhu sukan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi sai a hankali. Mai gaggawa yakan ƙare da ciwon gwiwa ko na ƙwauri tun kafin ranar tsere.

Kilomita 5

Wannan ne ya fi dacewa da wanda yake wuni zaune a ofis ko shago. Hukumar kula da lafiya ta Birtaniya tana da wani tsari na makonni 9, inda ake fita sau uku a mako. A makon farko ana yin sassarfa ta daƙiƙa 60 a bi ta da tafiya ta daƙiƙa 90, ana maimaitawa, har a kai ga gudun minti 30 ba tsayawa a makon ƙarshe. Sabon shiga yakan kammala wannan nisa cikin minti 30 zuwa 40.

Kilomita 10

Wanda ya riga ya iya kilomita 5 ba tare da tsayawa ba zai buƙaci ƙarin kamar wata biyu. Tseren yakan ɗauke shi awa ɗaya ko ɗoriya kaɗan. A Nijeriya, fitacciyar gasa a wannan mataki ita ce ta Okpekpe a Jihar Edo, wadda aka fara a shekarar 2013. Hanyarta tana da hawa da gangara, don haka sai an haɗa da atisayen hawan tudu.

Rabin fanfalaki

Wannan na wanda ya yi watanni yana gudu ne. Shirinsa yakan kai wata uku, ana fita sau uku zuwa huɗu a mako, ciki har da dogon gudu ɗaya da ake ƙara tsawonsa har ya kusa kilomita 18.

Cikakken fanfalaki

Nisan kilomita 42.195 ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Shirinsa yana cin makonni 16 zuwa 20, kuma dogon gudun mako yakan kai kilomita 30. A daidai wannan nisa ne sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta yake ƙarewa, sai ƙafa ta yi nauyi. Gasar fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016 kuma akasari ake yin ta a watan Fabrairu, tana da ɓangaren kilomita 10, kuma shi ne daidai da sabon shiga.

Abin dubawa kafin rajista

Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, ya fara ganin likita. Ciwon ƙirji ko jiri a lokacin gudu alama ce ta a tsaya nan take.

Yanayi ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, saboda haka bayan sallar asuba ne lokacin atisaye. Wanda zai je Legas daga Arewa ya sani cewa laimar iskar can tana hana gumi bushewa, jiki ya fi saurin galabaita. A kuma duba kada makonnin dogon gudu su faɗa cikin watan azumi.

Masu horarwa sukan ba da shawarar kada ƙarin nisan kowane mako ya wuce kashi 10 cikin 100. Don haka mai niyya ya ƙirga makonnin da suka rage zuwa ranar tsere. Idan ba su isa shirin nisan da yake so ba, ya zaɓi na ƙasa da shi.