Yadda Asibitocin Amurka Suka Daina Wawason Sababbin Likitoci

A farkon ƙarni na 20 asibitocin Amurka suka fara ɗaukar sababbin likitoci domin horon aiki, sai dai guraben sun fi masu nema yawa. Kowane asibiti ya shiga rige-rige da ɗan'uwansa, har ta kai a shekarun 1940 ana yi wa ɗalibi tayin gurbi tun saura shekara biyu ya kammala karatu, kafin a san iya ƙwazonsa.

A 1945 makarantun likitanci suka amince kada a saki bayanan ɗalibai sai ranar da aka tsayar. Wata matsalar kuma ta ɓullo: asibiti kan ba ɗalibi 'yan sa'o'i ya karɓa ko ya rasa, alhali yana jiran amsa daga inda ya fi so.

Mafita ta zo a 1952. Ɗalibi zai jera asibitocin da yake so bi da bi, asibiti ma ya jera waɗanda ya zaɓa, sannan cibiya guda ta haɗa su. Ɗalibai sun ƙi tsarin da aka fara gabatarwa, domin yana cutar da wanda ya sa babban burinsa a sama, aka kuwa gyara shi.

A 1984 masanin tattalin arziki Alvin Roth ya bayyana dalilin ɗorewar tsarin: ba ya barin likita da asibitin da za su gwammace juna a kan rabon da aka ba su. An sabunta shi a 1998 domin fifita zaɓin masu nema. Har yau, kowane watan Maris, da shi dubban likitoci ke sanin inda za su yi horo.