Ganyen Meziko Mai Sa Gane-gane, Ko Shi Ne Zaƙami?

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Tudun Jukun, Zariya, yana neman tarihin ganyen nan na Meziko mai sa gane-gane. Wai shin shi ne zaƙaminmu?

Amsa: To malam, ba shi ba ne. Sunan wannan ganye Salvia divinorum. Tun kaka da kakanni bokayen ƙabilar Mazatek, a jihar Wahaka, suke tauna shi ko su sha ruwansa wajen duba da neman waraka. A 1962 Gordon Wasson da Albert Hofmann suka samo shukar suka aika wa masana. A 1982 Alfredo Ortega ya tace sinadarin cikinta, wato salbinorin A. Sai a 2002 aka gano inda yake kamawa a ƙwaƙwalwa, wata kafa da ake kira kappa. Wanda ya zuƙi hayaƙinsa nan take zai fita hayyacinsa, amma yawanci cikin mintoci yakan dawo.

Zaƙami kuwa, wato haukata-yaro, tun 1916 Likita Dalziel ya sa shi a littafinsa na sunayen tsirran Hausa. Sinadaransa su ne atirofin da sikofolamin. Sukan busar da maƙogwaro, su buɗe ƙwayar ido, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya kwana ya yini yana sambatu, wani ma ya sheƙa barzahu.

Ka ga ke nan na bayan gidanka ya fi na Meziko haɗari. In yaro ya sha, kada a tsaya ɗura masa tsamiya, a garzaya asibiti. Da fatan ka gamsu.