Kwantena

Kwantena (suna, mace, jam'i: kwantenoni). A fannin kwamfuta, keɓaɓɓen muhalli ne da babbar manhajar na'ura ke ware wa wata manhaja, inda take ganin fayilolinta da ayyukanta kaɗai, alhali duk kwantenonin suna dogaro da kenel guda, wato cibiyar da ke raba ƙwaƙwalwa da lokacin aiki. Nan ta bambanta da na'urar kwaikwayo, wadda ke ɗauke da cikakkiyar babbar manhaja tata, shi ya sa kwantena ta fi sauƙi da saurin tashi.

Tushenta shi ne umarnin chroot na Unix a 1979, sai jails na FreeBSD a 2000 da Zones na Solaris, kafin Docker ya yaɗa ta daga 2013. Da ita mai kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, kan tattara shafin intanet da rumbun bayanai da saƙonnin imel a na'ura ɗaya, yana ƙayyade wa kowanne rabonsa, abin da ke rage kuɗin wuta da na kayan aiki matuƙa. Sai dai duk ɓarakar da ta sami kenel tana shafar kwantenonin baki ɗaya, don haka sabunta shi wajibi ne.