Cachoeira: Tsohon garin rake da taba a ƙasar Birazil

Cachoeira, wanda ake furtawa Kashuwera, ƙaramin gari ne a Jihar Bahia ta arewa maso gabashin Birazil, a bakin Kogin Paraguaçu. Tsakaninsa da Salvador, babban birnin jihar, tafiyar kimanin awa biyu ce a motar haya. Mutanensa ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba, kuma harshen Fotugis suke yi. Baƙon da ya isa garin da tsakar rana zai tarar da tituna shiru da tsofaffin benaye masu launi-launi, alhali a da nan ce babbar mahadar fatake.

Arziki da koma-baya

A zamanin mulkin mallakar Fotugal, yankin da ake kira Recôncavo ya yi fice wajen noman rake da taba. Jiragen ruwa kan hauro daga Salvador su tsaya a Cachoeira, daga nan a ɗora kaya bisa alfadarai zuwa cikin ƙasa. Bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka yi wannan bauta, ciki har da Hausawan da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun dillalan bayi. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a Salvador, sannan a 1835 bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa, suka yi tawayen da ake kira na Malê. Sai a 1888 Birazil ta haramta bauta.

Ranar 25 ga Yuni, 1822 mutanen Cachoeira suka yi fito-na-fito da sojojin Fotugal, abin da ya buɗe yaƙin 'yantar da Bahia. Da aka shimfiɗa hanyoyin mota a ƙarni na 20, sufurin kogi ya mutu, ciniki ya ƙaura. Wannan koma-baya ne ya hana a rushe tsofaffin gine-gine, har gwamnati ta sanya garin cikin kayan tarihi na ƙasa a 1971.

Abubuwan gani

Gadar ƙarfe ta Dom Pedro II, wadda aka buɗe a 1885, ita ta haɗa Cachoeira da São Félix a ɗaya gaɓar. Jirgin ƙasa da motoci da masu tafiya a ƙasa duk ta kanta suke bi. A São Félix akwai masana'antar taba ta Dannemann, wadda ta samo asali tun 1873, inda har yau ake naɗa taba da hannu.

Kowane watan Agusta ƙungiyar Boa Morte, ta dattawan mata baƙar fata, kan yi bikinta na shekara. Ƙungiyar ta haɗa ibadar Katolika da al'adun da kakanni suka zo da su daga Afirka, kuma a da takan tara kuɗi ta fanshi bayi. Kiɗan yankin, samba de roda, ya samu karramawar UNESCO a 2005.

Shawara ga matafiyi

Mai neman natsuwa ya kauce wa ƙarshen Yuni, lokacin bikin São João, da tsakiyar Agusta, domin masauki kan yi wuya. Ya kuma haddace 'yan kalmomin Fotugis, saboda masu jin Turanci kaɗan ne. Shahararren abincin garin, maniçoba, ganyen rogo ne da ake dafawa kwanaki da dama don kashe dafinsa, amma akan sa naman alade a ciki. Wanda ba ya ci ya tambaya kafin a zuba masa, ko ya nemi kifi.