Makuba

Makuba wani haɗi ne da magina a ƙasar Hausa ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa (Parkia biglobosa), suna amfani da shi wajen ƙarfafa ginin ƙasa da kare shi daga ruwan sama. Ɓawon shi ne abin da ke saura bayan an cire garin ɗorawa da kalwar da ake yin daddawa.

Yadda ake haɗa ta

Ana shanya ɓawon ya bushe, a daka shi, sannan a jiƙa ko a tafasa har ruwan ya yi ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓe, ko a yayyafa shi a kan daɓe ana bugawa. Ɓawon na ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda majema ke samu daga bagaruwa. Tanin yana kama ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, ya toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi. Sai dai kariyar ba ta dawwama, bangon da ruwa ke duka yana bukatar sabon shafe bayan 'yan damuna.

Aikinta ya bambanta da na ciyawar da ake tattakawa cikin birji kafin a yi tubali. Ciyawa na hana tsagewa ne yayin bushewa, makuba kuwa ruwa take tarewa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin jima da dafara.

Kasena na kudancin Burkina Faso ma suna shafa ruwan ɓawon ɗorawa a kan zanen bangonsu, kamar a Fadar Tiébélé da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2024.

Makuba da siminti

Bulon ƙasa na zamani, wanda ake matsewa da inji, yawanci ana zuba masa siminti kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Tsadar siminti, da kuma kasancewar masana'antarsa na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, sun sa masu bincike komawa ga makuba da sauran ragowar amfanin gona.

Ɗaya daga ciki shi ne buntun shinkafa. A Talata Mafara, Bakura da Maradun ta Jihar Zamfara, inda madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ke shayar da gonakin shinkafa, buntu na taruwa a wuraren casa. Tokarsa na da silika mai yawa, amma ita kaɗai ba ta ɗaure ƙasa, sai an gauraya ta da farar ƙasa da aka ƙona ko ɗan siminti. Ƙonawar ma sai da lura, domin idan wuta ta yi yawa tokar na rasa ƙarfinta.