Asalin Kayan Doki a Ƙasar Adar

Dattawa masu riƙe da labarun dauri sun ce dokin da ya fara taka ƙasar Hausa shi ne na Bayajidda, wanda ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, sa'an nan da gari ya waye sarauniya ta nemi wanda ya yi wannan aiki, tsohuwar ta ce ai baƙonta ya zo da wata dabba mai kama da sa, domin kuwa ba ta taɓa ganin irinta ba. Mutumin da ya ratso sahara tun daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, lalle ba a kan tsuran bayan doki ya yi tafiyar ba. Da sirdinsa da linzaminsa ya zo, kuma ina jin maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa sai da suka jujjuya likkafarsa suka duba. Tarihin Kano kuma ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara lifidi da sulke da kwalkwali.

Amma Adar tana da nata labari. Mutanenta na farko, wato Azna, ma'abota baka da kibiya ne, suna zaune a kan duwatsu, kuma ƙasar tana ƙarƙashin Kabi har shekarar 1674, lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak ya ci Kabawa da yaƙi, ya karɓe ta. Tare da shi Abzinawan da ake kira Lisawan suka gangaro, kuma inda duk Abzinawa suka sauka, maƙeransu na biye, maza na aikin ƙarfe da itace, mata na aikin fata. Wasu na cewa daga nan ne kayan doki suka shigo Adar, wasu kuwa na cewa barden Kabi ya riga barden Azbin. A ganina kowane ɓangare da rabin gaskiya a hannunsa: wanda ya dubi tsohon kayan doki na ƙasar nan da idon basira zai ga hannu biyu a jikinsa, jar fatar akuya ta majeman kudu, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, da kuma koren ado da tagullar mutanen arewa. Irin jar fatar nan ce fatake suka riƙa kaiwa ƙetaren sahara, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko bisa jahilci.

Hikimar magabata kuwa ba ta tsaya ga ɗinki ba. Sun san iskar hunturu ta Adar ba ta da tausayin fata, saboda haka kiwon kaya ya zama ilmi mai ƙa'ida, wanda baduku ke gadarwa ga ɗansa. In an ɗauko tsohon kalfazuru ko kamazuru daga rumbu ya bushe ƙamas, ba a lanƙwasa shi, ba a kuma tsoma shi a ruwa. Sai a kaɗe ƙura, a goge da tsumma mai ɗan laima, a narka man shanu ko man kaɗe, a riƙa shafawa kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu, a rataye a inuwa ya kwana, gobe a maimaita, har fatar ta sha ta yi laushi. Tagulla kuwa, da ruwan tsamiya da toka ake wanke ta. Majayi shi ake fara dubawa, domin ran mahayi a kansa yake. In ya tsage ba a yi masa faci, sabo ake yankawa. Inda ɗinki ya warware, baduku na kirki yakan bi tsoffin ramuka da basilla, ba ya huda sababbi.

Bayan zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20 yaƙi ya ƙare, doki ya koma na sarakai da hawan salla, sa'an nan mota da babur suka ƙwace masa tafiya. Yau a kasuwar Lahadi ta Tawa sai ka ga ragama ta igiyar roba, wani ma, abin takaici, baƙin man inji yake shafa wa linzamin kakansa, man da ke cinye fata da zare gaba ɗaya.